Kafin ka biya ejan kuɗin WES: amsa ga wani ɗan'uwa daga Gombe

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Gombe yana cewa: "Assalamu alaikum. Shekarata 32, ina da mata da yara biyu. Na yi ND a foliteknik, daga nan na samu shiga aji biyu a ATBU Bauchi na gama digiri a fannin kwamfuta, yau shekara shida ina aiki. Maiɗakina ta karanta aikin jinya a Sudan. Muna so mu nemi zama a Kanada. Wani ejan ya ce in kawo sama da naira miliyan ɗaya ya yi mini WES, wai da zarar ta fito biza ta kusa. Sannan sunana na WAEC ya ɗan bambanta da na fasfo. Daga ina zan fara?"

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya sa alheri a cikin niyyarku. Tun kafin in yi nisa, riƙe kuɗinka. Rabin aikin da ejan ɗin nan yake so ya yi maka, za ka iya yin sa da wayar hannunka da katin banki mai biyan dala. Ɗaya rabin kuwa, wanda shi ne mai wahalar, ba shi da ikon yi maka shi ko da ka ninka masa kuɗin. Na daɗe ina aiki a sashen ajiyar bayanan ɗalibai kafin in koma taimaka wa masu neman WES da makamantanta, wato hukumomin da ke tantance takardun karatu don zuwa waje, don haka na san abin da ke faruwa da takarda bayan an rufe ƙofar ofis.

Jami'in shige da fice da ke zaune a Kanada bai san ATBU ba, bai san ND ba, bai san me ake nufi da shiga aji biyu ba. Shi ya sa gwamnatinsu ta ware wasu hukumomi su amsa mata tambaya biyu kacal. Takardar nan ta gaskiya ce, kuma daga makarantar da ƙasarta ta amince da ita? In haka ne, da wane mataki ta yi daidai a karatun Kanada? Amsar da suke rubutawa ita ce rahoton ECA, yawanci shafi ɗaya ko biyu ne da lamba a sama. Iyakarta ke nan. Ba biza ba ce, ba takardar ɗaukar aiki ba ce, ba kuma lasisin yin sana'a ba ce. Duk wanda ya ce maka fitowarta na nufin biza ta kusa, ko dai bai san tsarin ba, ko kuma ya san shi sarai yana so kai kada ka sani.

Hukumomi biyar aka amince su yi wa kowa da kowa wannan aiki: WES, da ICAS, da CES ta Jami'ar Toronto, da IQAS ta lardin Alberta, da ICES ta lardin British Columbia. WES ce ta fi suna a wajenmu, amma rahoton kowace daga cikinsu karɓaɓɓe ne. Likita shi ba shi da zaɓi, sai Majalisar Likitocin Kanada, MCC. Mai harhaɗa magunguna da zai yi aiki da lasisi sai PEBC, mai zanen gine-gine kuma CACB. Ku biyun babu wanda wannan ya shafa. Kuɗin tantancewar kansa yana tsakanin dalar Kanada 200 zuwa 300, sai haraji da kuɗin aikawa. Ka buga lissafi da canjin yau, ka ɗora kuɗin da makaranta za ta karɓa, ka ga ratar da ke tsakaninsa da abin da aka nema a wurinka. Rahoton yana aiki shekara biyar daga ranar da aka fitar da shi.

Lokacin buɗe asusu ka kula da abu biyu. WES tana da reshen Amurka tana da na Kanada, na Kanada za ka zaɓa. A cikin na Kanadan ma akwai tantancewa ta neman makaranta ko aiki, akwai ta shige da fice, wadda aka rubuta ECA ta IRCC, wato ofishin shige da fice na Kanada. Wanda ya biya ta farkon, ofishin shige da fice ba zai dube ta ba.

Yanzu ga inda maganar take. Satifiket ɗin da ka lulluɓe da leda ka adana a ƙasan akwati, ba shi ne hujja ba a wurin waɗannan hukumomi. Hotonsa kawai za su karɓa daga hannunka. Abin da suke jira shi ne makaranta ta yi magana da bakinta, ta aika musu da tiranskirif, wato cikakken sakamakon kowane kwas da ka ɗauka tun zangon farko har na ƙarshe, kai tsaye ba tare da ya bi ta hannunka a buɗe ba. Saboda haka gwagwarmayarka ba a Toronto take ba, a Bauchi take, a ofishin rajistara. WES in takarda ta cika a gabanta, makonni kaɗan take ɗauka. Watannin da kake jin mutane suna kukan sun shafe, yawancinsu a gida aka shafe su.

Bari in nuna maka yadda takardar ke tafiya, ba makarantarka nake nufi ba, haka tsarin yake a yawancin makarantunmu. Ka biya kuɗi, ka cike fom. Buƙatarka ta shiga sashen jarrabawa da ajiyar bayanai, a buɗe fayil. In sakamakonka duka yana cikin kwamfuta, ka yi sa'a. In kuwa ka gama kafin a koma kwamfuta, ko wani zango bai shiga ba, sai a rubuta wa tsangaya, tsangaya ta rubuta wa sashe, jami'in jarrabawa na sashe ya buɗe kabad ya fito da manyan takardun nan masu faɗi, ya bi layi da rula yana neman lambarka. Kwas ɗin da ka faɗi a aji uku ka sake a aji huɗu, dole a ga duka biyun. A haɗa da abin da majalisar jami'a ta amince da shi, a buga, wani ya duba, wani ya sa hannu. Kowane tebur a cikin waɗannan, mutum ne ke zaune a kai, yana da hutu, yana da rasuwa a gida, yana da tarin fayil ɗin wasu a gabansa. Fayil ɗin da babu mai bibiya, shi ne ke komawa ƙasan tari. Ba cin hanci nake cewa ka bayar ba, Allah ya kiyaye. Ka biya kuɗin hukuma ta hanyar da makaranta ta tsara, a makarantun tarayya yawanci ta Remita, ka riƙe rasit, ka san sunan ofishin da fayil ɗinka yake a kowane mako, ka riƙa leƙawa cikin ladabi. Gombe zuwa Bauchi ba nisa ba ne. In aiki bai bar ka ba, ka wakilta ɗan'uwa mai haƙuri wanda ya iya gaisuwa.

Kafin ka je, sai ka riga ka buɗe asusu ka biya, domin a nan ne za a ba ka lambar shaida. Lambar nan dole ta hau kan fom ɗin da za ka kai wa makaranta, ta hau bayan ambulan. Takardar da ta isa can babu lamba, ta shiga cikin dubbai ba a san mai ita ba. In ta ambulan za a aika, a rufe take, da hatimi da sa hannun jami'i a kan bakin da aka liƙe. Kada son ganin abin da aka rubuta ya sa ka buɗe, in ka buɗe ta tashi aiki. In kana son gani, ka nemi kwafin ɗalibi daban, kuma ina ba ka shawara ka nema ɗin tun kafin a aika, ka zauna ka duba shi layi-layi: sunanka, shekarar shiga, shekarar fita, sunan digiri, ajin da ka fita da shi. Kuskuren bugu ɗaya a shekarar kammalawa, in ya saɓa da satifiket, ya isa a dakatar da komai. Makarantu da yawa yanzu suna aikawa ta intanet ta hanyar da hukumar ta amince da ita, kuma wannan ya fi sauri da aminci. Ka tambaya tun ranar farko. Abin da ba sa karɓa shi ne saƙo daga imel ɗin wani ma'aikaci na kansa, irin su Gmail da Yahoo, komai girman muƙaminsa.

Akwai wani mataki da ejan ba zai gaya maka ba. Bayan takarda ta isa, hukumar takan sake rubuto wa makarantar tana tambaya ko ita ce ta aiko da wannan. A nan fayil ɗin mutane da yawa yake kwana. Wasiƙar ta faɗa akwatin imel na ofis, kai kana gida kana zargin Turawa da jan ƙafa, su kuma suna can suna jiran amsa. Da zarar ka ga asusunka ya nuna ana jiran tabbaci daga makaranta, ka ɗauki kwafin sanarwar ka koma ofishin da ƙafarka. Ka kuma sa ido a kan yajin aiki. Na malamai a 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, amma wanda ya fi shafarka shi ne na SSANU da NASU, domin ma'aikatan rajistara 'yan waɗannan ƙungiyoyi ne. In suka rufe ofis babu mai buga hatimi.

In har yanzu takardar sakamako ta wucin gadi ce a hannunka, wadda ka tafi bautar ƙasa da ita, ka je ka karɓo satifiket na ainihi. Mutane da yawa suna shekara goma suna aiki da ta wucin gadin ba tare da an tambaye su ba, sai ranar irin wannan. Wanda kuma ya yi digiri a kwalejin ilimi da ke ƙarƙashin wata jami'a, ya sani jami'ar da sunanta ke kan satifiket ita za ta aika, ba kwalejin da ya zauna a ajinta ba.

Sai maganar suna, wadda ka ambata a ƙarshe kamar ƙaramin abu. A wurinmu 'yan Arewa ita ce babbar matsala ta biyu. Ka san yadda abin ke farawa. Malamin firamare ya tarar da Muhammadu biyar a aji ɗaya, sai ya raba su da sunan gari, wannan Dukku, wancan Kumo, wancan Bajoga. A WAEC wani ya rubuta Mohammed. A jami'a ka gyara ka koma Muhammad, ka cire sunan garin ka sa na kaka. Wajen NIN aka juya, sunan mahaifi ya zo farko. Mu duk mun san mutum ɗaya ne. Baturiyar da ke duba takarda a kwamfuta sunaye uku take gani.

Fasfo shi ne ginshiƙi, da sunan da ke cikinsa za ka buɗe kowane asusu, harafi da harafi. Ka tabbatar ya yi daidai da NIN ɗinka tun yanzu. In bambancin na rubutu ne kawai, ko jerin sunayen ne ya juya, takardar rantsuwa daga babbar kotu mai nuna cewa duk sunayen na mutum ɗaya ne takan wadatar, a haɗa da sanarwa a jarida. In akwai sunan da ya ɓace gaba ɗaya ko wani sabo ya shigo, ka ƙara da wasiƙa daga makaranta mai tabbatar da cewa mai wannan lambar ɗalibi shi ne mai wannan suna. A fom ɗin WES da na shige da fice akwai gurbin da ake tambayar ko ka taɓa amfani da wani suna. Ka cike shi da gaskiya, kada ka bar shi fanko don gudun dogon bayani. Bambancin da ka bayyana da kanka ƙaramin abu ne, wanda suka gano da kansu shi ke jawo zargi. Ita ma maiɗakinka, in ta koma amfani da sunanka bayan aure, sai an haɗa da takardar shaidar aure.

Ranar haihuwa ta fi suna tsanani. Da yawa an rage musu shekaru don kada su wuce 30 su rasa bautar ƙasa, ko don neman aikin gwamnati, wasu kuma tun farko ƙiyasi aka yi aka rubuta 1 ga Janairu. In ranar da ke WAEC ta saɓa da ta fasfo, ka tsaya ka warware wannan ta hanyar hukuma, ta Hukumar Ƙidaya da NIMC mai ba da NIN, kafin ka aika ko da takarda ɗaya waje. A tsarin Kanada shekaru maki ne, don haka duk wani ruɗani a kansu ana yi masa kallon an yi shi ne da gangan.

Game da ND ɗinka, kada ka yar da ita. Mutane suna cewa a tantance mafi girman takarda kawai, kuma ga mai mastas gaskiya ne sau da yawa. Kai lamarinka daban ne. Na farko, tiranskirif ɗinka na jami'a daga aji biyu zai fara, mai dubawa zai ga babu shekarar farko, kuma ND ce bayanin wannan gurbi. Na biyu, akwai maki a cikinta. Express Entry, tsarin neman izinin zama na dindindin a Kanada wanda aka fara a Janairun 2015, gasa ce ta maki. Ga mai aure, digiri ɗaya maki 112 ne, shaidu biyu da ɗayansu ya kai shekara uku ko fiye 119 ne, mastas 126. Za ka ce ai bakwai ne kawai. Amma akwai wani sashe da ake haɗa ilimi da ƙarfin harshe. Wanda ya samu 8 a saurare, da 7 a karatu da rubutu da magana a jarrabawar Turanci ta IELTS General Training, in shaida ɗaya gare shi 25 zai samu a wannan sashe, in biyu ne 50. Ka ga ND ɗin da ka raina tana iya kawo maka maki 32, muddin hukumar ta ƙirga ta a matsayin shaida mai zaman kanta ta gaba da sakandare. Wannan na nufin tiranskirif biyu daga makarantu biyu, da bibiya biyu. Ya cancanci wahalar. Masu HND kuma su haɗa ta da ND ɗinsu su aika tare, kada kuma su gina lissafi a kan cewa digiri ce sai sun ga abin da rahoto ya rubuta.

Bari mu yi lissafinka a fili, domin ba na so ka kashe kuɗi a kan mafarki. Shekara 32 ga mai aure maki 85 ne. Ilimi 119. Turanci a matakin da na faɗa 116. Haɗin ilimi da harshe 50, haɗin aikin shekara uku ko fiye da harshe 50. Jimla 420. Digirin maiɗakinka in an tantance shi zai ƙara 8, Turancinta in ya yi ƙarfi har 20. Kun tashi da 448 in komai ya tafi daidai. A farkon 2024, makin da ake gayyatar mutane da shi a zagayen gama-gari na Express Entry bai sauko ƙasa da 520 ba, daga baya ma aka karkata ga waɗanda suka riga suka yi aiki a Kanada, da waɗanda larduna suka zaɓa, da masu Faransanci, da wasu sana'o'i da aka ware tun 2023. A Oktoban 2024 gwamnatin ta rage adadin waɗanda za ta karɓa a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000. Kuma kowace shekara daga yanzu maki biyar kake asara, bayan 40 ya koma goma, a 45 babu ko ɗaya. Ga kuɗin da za a nuna a banki, wanda a lissafin 2025 ya haura dalar Kanada 28,000 ga iyali mai mutum huɗu.

Ban faɗi wannan don in karya maka gwiwa ba. Na faɗa ne don ka ga inda ƙofar take. Lardi in ya zaɓe ka maki 600 ne kai tsaye. Faransanci mai ƙarfi a kan Turanci yana ƙara 50, kuma zaɓen masu Faransanci makinsa yakan yi ƙasa sosai. Sannan ga abin da nake ganin ya fi kusa da ku: aikin lafiya yana cikin sana'o'in da ake yi wa zaɓe na musamman. In maiɗakinka tana aikin jinya a yanzu, kuma ta fi ka ƙarancin shekaru, mai yiwuwa ita ya kamata ta zama mai nema, kai ka biyo a matsayin miji. Na san akwai mazan da wannan ke yi wa nauyi a zuciya. Ku zauna ku yi lissafin duka biyun a takarda, wanda ya fi maki shi ya shiga gaba. Izinin zaman da za a ba ku iri ɗaya ne.

Wannan ya sa takardunta suka zama masu muhimmanci kamar naka, kuma nata sun fi wuya. Da dokokin Sudan za a tantance su, ba na Najeriya ba. Wasiƙar tantancewa da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba ta a Abuja lokacin da ta dawo, ta amfani a gida ce, ba ta maye gurbin maganar jami'arta. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, jami'o'in Khartum da yawa sun kwashe ofisoshinsu zuwa wasu garuruwa ko suna aiki ta intanet. Ta fara da neman inda ofishin rajistarar jami'arta yake aiki yanzu, ta hanyar shafin jami'ar da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, sannan ta karanta sharuɗɗan da kowace daga hukumomi biyar ɗin ta gindaya wa takardun Sudan kafin ku biya ko sisi. Ba dole ba ne ku yi amfani da hukuma ɗaya ku biyu. Duk takardar da ke da Larabci sai an fassara ta kalma da kalma a wurin mai fassara da aka amince da shi, a haɗa da ta asalin. Ko da ita ta fi mai fassarar iya Larabci, ba a karɓar fassarar mai takarda.

Ta kuma sani tun yanzu cewa ECA ba za ta ba ta damar taɓa majiyyaci ba. Lasisin jinya hanya ce daban, a hannun majalisar jinya ta kowane lardi, yawanci ta hanyar hukumar NNAS mai tantance takardun ma'aikatan jinya, da jarrabawar NCLEX. A can ma sai sun tuntuɓi makarantarta da Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya. Tun da za ku wahala wajen samo jami'ar, ku nemi ta shirya aikawa wuri biyu.

Ga sauran masu karatu da suka yi karatu a maƙwabta, ku tuna abin da ya faru a Janairun 2024, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. Labarin bai tsaya a Najeriya ba. Wanda ya yi karatun gaskiya a can ya tanadi hujjar cewa ƙasar ta amince da makarantarsa a shekarun da ya yi karatu.

Ka ce Kanada, amma tun da lissafin ya yi tsauri, wataƙila ku waiwayi wani wuri, kuma rahoton wata ƙasa ba ya aiki a wata. Birtaniya tana da hukumar tantance takardu ta UK ENIC, wadda kafin 2021 ake kira UK NARIC, kamfanin Ecctis ke gudanar da ita, sai dai bizar aiki a can ta rataya ne a kan samun mai ɗaukar aiki da ke da izinin ɗauko baƙo, nas kuma sai ta bi ta NMC, majalisar jinya ta can. Amurka ba ta da hukumar gwamnati ta wannan aiki, kamfanoni ne masu zaman kansu, aka fi yarda da 'yan ƙungiyar NACES. Duk wanda ya ce zai cike maka cacar bizar Amurka, ka sani an cire haifaffun Najeriya daga ciki tun zagayen 2015. Jamus tana da rumbun bayanai mai suna anabin, kyauta ne ka duba ko makarantarka tana ciki, in ana buƙatar takarda sai ofishin ZAB. Ostireliya sana'a take tantancewa, mai kwamfuta irinka ACS, ƙungiyar masana kwamfuta ta can, zai nufa. Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa na yankin, inda ma'aikatan lafiyarmu da yawa suke, kamfanin tantance takardu na DataFlow suke amfani da shi, su kuma ba makaranta kaɗai suke tuntuɓa ba, har asibitin da aka ce an yi aiki a ciki. Wanda aka ƙara wa shekarun aiki a wasiƙa don a taimake shi, a nan asirinsa ke tonuwa.

Mu koma kan ejan. A dokar Kanada, wanda zai karɓi kuɗi ya wakilce ka a harkar shige da fice dole ya kasance lauya mai rajista a can, ko mai lasisin CICC, hukumar masu ba da shawara kan shige da fice, kuma sunayensu suna nan a shafukan hukumominsu kowa na iya dubawa. Ka nemi cikakken sunansa da lambar lasisinsa. Abin da na fi gani yana cutar da mutane shi ne ejan ya buɗe asusun da imel ɗinsa da lambar sirrinsa. Daga ranar kai da takardunka kuna hannunsa, duk saƙon da aka aiko shi zai gani, in kun saɓa sai ka sake biya kafin ka ga rahotonka. Mafi muni shi ne mai cewa yana da mutum a ciki, zai fito maka da tiranskirif cikin kwana uku, ko ya gyara maka aji. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ka riga ka ji cewa suna komawa su tambayi makaranta. Kanada tana haramta wa wanda aka kama da bayanin ƙarya shiga shekara biyar, Birtaniya har goma, Amurka tana iya rufe ƙofa har abada. Ba a karɓar uzurin cewa ejan ne ya yi, sunanka ne a kan fom.

Wajen jera ayyukan, ka bi tsawon ran kowace takarda. ECA shekara biyar take yi, sakamakon IELTS shekara biyu kawai, don haka takardun makaranta ake fara turawa, a yi shirin jarrabawar harshe lokacin da ake jira. In aka gayyace ku, kwana 60 ne kacal za a ba ku ku miƙa komai, kuma dole duka takardun biyu su kasance da ransu a ranar. A wannan makon ka shimfiɗa WAEC, da ND, da digiri, da takardar bautar ƙasa, da NIN, da fasfo a kan tabarma, naka da nata, ku rubuta duk inda suna ko rana ta saɓa. Ranar da za ka shiga Bauchi kuma ka tafi da lambar ɗalibinka, da kwafin satifiket, da fom mai ɗauke da lambar shaidar hukumar, da takardar rantsuwa in ka riga ka yi, kada kuma ka baro ofishin sai ka san ta wace hanya suke aikawa da wanda ke amsa wasiƙun tabbaci.